Soichiro Honda: Ɗan Maƙerin Da Ringin Fistin Ya Mayar Da Shi Makaranta

 A yau filin zai leƙa ƙasar Japan ne domin kawo muku tarihin wani mutum da bai taɓa sayar da ko buhun albasa ɗaya a kasuwar Bawku ba, amma da wuya kasuwar ta ci ta watse ba tare da aikin hannunsa ya shiga cikin cinikin ba.

A zamanin da kakanninmu fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goron Gwanja, jaki ne abin dogaro, kuma babu falken da zai sayi jaki bai duba haƙoransa da kofatonsa ba. A yau kuwa duk wanda ya san hanyar Bawku zuwa Kulungugu ko Sinkase, ko ta Yendi zuwa Tatale, ko ta Salaga zuwa Makango, ya san cewa babur, wanda a nan muke kira moto, da kuma keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya su ne suka maye gurbin jakin. Sai dai kuma da yawa daga cikinmu fenti da fitila muke dubawa idan za mu saya, ba mu san haƙoran injin ba. Haƙoran nan kuwa uku ne: faɗin ramin silinda, da tsawon tafiyar fistin, da kuma ringin da ke jikin fistin ɗin. Rayuwar Soichiro Honda kusan gaba ɗayanta a kan waɗannan abubuwa uku ta ƙare.

Haihuwarsa da koyon sana'a

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a wani ƙauye mai suna Komyo kusa da garin Hamamatsu a lardin Shizuoka. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne wanda daga baya ya koma gyaran kekuna da sayar da su, mahaifiyarsa Mika kuwa masaƙiya ce. A bakin maƙera yaron ya tashi, yana taya mahaifinsa aiki, kuma tun yana ƙarami ba ya da sha'awar karatun aji kamar yadda yake da sha'awar duk wani abu mai inji.

A shekarar 1922, yana ɗan shekara 15, ya bar gida ya tafi birnin Tokiyo ya shiga wani garejin motoci mai suna Art Shokai a matsayin yaron gida. Kamar yadda yake faruwa da yaran garejinmu na Bawku da Yendi, ba a miƙa masa sifana nan take ba. Watannin farko a shara da aike da renon ɗan maigida ya yi su. Babbar girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a watan Satumbar 1923 ita ce ta canza masa matsayi, domin yawancin ma'aikata sun koma garuruwansu, shi kuwa ya tsaya tare da maigidansa Yuzo Sakakibara, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, dole aka sakar masa motoci.

Bayan shekara shida, a 1928, maigidan ya yaye shi, ya kuma yarje masa ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu da sunan gidan. Yana da shekara 21 a lokacin. Kafin a jima garejin ya yi suna, ma'aikatansa suka haura talatin, kuɗi suka zauna masa. Ya auri matarsa Sachi a 1935. Ya kuma kasance mai son tseren mota, har sai da ya yi mummunan haɗari a filin tsere na Tamagawa a watan Yunin 1936, inda shi da ƙanensa Benjiro suka ji raunuka.

Ringin da ya ƙi yin daidai

To, a daidai wannan lokaci ne Honda ya gaji da gyaran abin da wasu suka ƙera, ya ƙudurta shi ma sai ya ƙera nasa. Abin da ya zaɓa shi ne ringin fistin, domin ɗan ƙaramin zobe ne wanda ba ya cin ƙarfe da yawa, ga shi da tsada, kuma babu injin da zai tashi ba tare da shi ba. Masu hannun jari a garejin ba su goyi bayansa ba, ganin cewa gyara yana kawo riba. Sai ya nemi taimakon wani masaninsa mai suna Shichiro Kato, aka kafa kamfanin Tokai Seiki, shi kuma yana gyaran mota da rana, da dare yana narka ƙarfe yana zuba ringi.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan yi bayanin aikin wannan zobe. Fistin yana hawa da sauka ne a cikin ramin silinda, kuma dole a bar ɗan sarari tsakaninsu domin ƙarfe yana kumbura idan ya ɗau zafi. Ringi ne ke toshe wannan sarari. A yawancin baburanmu ringi uku ne a jikin fistin. Na sama shi ke riƙe ƙarfin wutar da fetur ya yi kada ya zurare ƙasa. Na biyu yana taya shi, yana kuma share ragowar mai. Na uku, wato ringin mai, shi ke kankare baƙin mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa, ya bar ɗan kaɗan don santsi. Bugu da ƙari, ta jikin ringi ne yawancin zafin fistin ke fita zuwa bangon silinda. Idan babur mai injin 125 cc yana juyi 6,000 a minti ɗaya, to a cikin awa guda ringinsa ya gogi bango na tsawon kimanin kilomita 35. Saboda haka ana bukatar ƙarfen da ke da tauri amma ba ya karyewa, mai tsalle kamar baka, wanda kuma zafi ba zai kashe masa wannan tsalle ba.

Ringin Honda na farko sun fito da kyan gani, amma da an ɗan buɗa su sai su karye kamar busasshen kara. Ya yi watanni yana kwana a wurin aiki, kuɗin da ya tara suka fara ƙarewa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga ƙarshe ya ɗauki ringin ya kai wa malaman makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu, wadda a yau take cikin Jami'ar Shizuoka. Da aka bincika sai aka gano ƙarfen nasa ba shi da isasshen sinadarin silikon, abin da shi bai ma san ana sa wa narkakken ƙarfe ba. Mutumin da ya raina karatu, mai gareji da mata da yara a ƙarƙashinsa, sai ga shi yana ɗan shekara talatin ya koma aji ya zauna cikin samari. Ya yi kusan shekara biyu yana zuwa darasi, amma da yake ba ya zama jarrabawa, makarantar ba ta ba shi takardar shaida ba. Hakan bai dame shi ba, tunda sanin ƙarfe ya je nema, ya kuma samu.

Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. Lokacin da ya kai wa kamfanin motoci na Toyota samfurin ringi 50 domin a gwada, guda 3 kacal suka ci jarrabawa. Sai da ya ƙara kusan shekara biyu yana zagaya jami'o'i da masana'antun ƙarfe na Japan yana tambaya, kafin ya iya fitar da dubban ringi masu awo ɗaya da inganci ɗaya. Daga nan Toyota da kamfanin jiragen sama na Nakajima suka zama abokan cinikinsa, ma'aikatansa suka kai kimanin 2,000.

Yaƙi ya cinye, an koma farko

Yaƙin Duniya na Biyu bai bar shi ya ci moriyar wahalarsa ba. Gwamnati ta sa kamfanin a ƙarƙashin ikonta, a 1942 kuma Toyota ta karɓi kashi 40 cikin 100 na jarin, aka sauke Honda daga shugabanci. Da aka kwashe maza zuwa fagen daga, sai ya ƙera injinan da ke yanka ringi da kansu ta yadda mata da ɗaliban da ba su da ƙwarewa za su iya aiki da su. A 1944 jiragen Amurka suka yi wa masana'antarsa ta Yamashita ruwan bama-bamai, a watan Janairun 1945 kuma girgizar ƙasa ta rushe ta Iwata. Da yaƙi ya ƙare ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya zauna kusan shekara guda ba ya wani aiki.

A watan Oktoban 1946 ya buɗe wata 'yar rumfa a Hamamatsu. A lokacin fetur ya yi wuya, jiragen ƙasa sun cika maƙil, mutane na tafiya ƙauyuka a kan keke neman abinci. Sai ya samo wasu ƙananan injina kimanin 500 da sojoji suka bari, waɗanda a da suke ba na'urar rediyo wuta, ya gyara su ya ɗaura wa kekuna. Nan da nan aka wawashe su. Da suka ƙare ya zana nasa injin a 1947, sannan ranar 24 ga Satumba, 1948, aka yi rajistar kamfanin Honda Motor da jarin yen miliyan ɗaya da ma'aikata 34.

A 1949 Allah ya haɗa shi da Takeo Fujisawa, ɗan kasuwa wanda bai san inji ba amma ya san kuɗi da bashi da hanyar sayar da kaya. Suka raba aiki: Honda ya riƙe masana'anta, Fujisawa ya riƙe ciniki da littafi, babu mai shiga gonar wani. 'Yan kasuwa sun san darajar irin wannan tarayya, kuma masana tarihin kamfanin sun yi ittifaƙi cewa ba don Fujisawa ba da tuni bashi ya binne Honda.

Faɗin rami da tsawon tafiya

Baburansu na farko masu bugu biyu ne, wato irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, masu ƙara da hayaƙi. A 1951 suka fitar da Dream E mai bugu huɗu, mai girman 146 cc, wanda wani matashin injiniya Kiyoshi Kawashima ya yi aikin zanensa ya kuma haye tsaunin Hakone da shi. A 1952 Honda ya yi kasadar da ta firgita kowa: ya yi odar injinan yankan ƙarfe na yen miliyan 450 daga Amurka da Jamus da Suwizalan, kuɗin da suka ninka jarin kamfanin sau da yawa. Darasin ringi ne bai manta ba, domin ya san idan ramin silinda bai fito da'ira sosai ba, kuma awonsa bai zama ɗaya daga sama har ƙasa ba, babu ringin da zai zauna a ciki.

Shekarar 1954 ta zo musu da tsanani. Kasuwa ta faɗi, sabon baburinsu mai 220 cc ya riƙa ba masu shi matsala har sai da aka gano laifin kafireto ne, kamfanin ya kusa durƙushewa. A cikin wannan hali ne Honda ya ba da sanarwar cewa zai shiga gasar tseren babura ta tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, wadda ita ce mafi girma a duniya a wancan zamani. Da ya je kallo a watan Yunin shekarar, ya tarar baburan Jamus da Italiya sun fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali girman injin ɗaya ne. Ya dawo gida da jakunkuna cike da tayoyi da sarƙoƙi da sauran kayan gyara domin a yi nazarinsu.

A nan ne maganar faɗi da tsawo ta shigo. Girman inji, wato cc ɗin da ake rubutawa a jikin babur, yana fitowa ne daga abu biyu: faɗin ramin silinda da kuma nisan da fistin ke yi daga sama zuwa ƙasa. Ana iya samun inji biyu masu cc ɗaya amma halinsu ya bambanta, kamar yadda mudu ɗaya na gero zai iya shiga faffaɗan kwano ko doguwar kwalba. Idan rami ya yi faɗi, tafiya ta yi gajarta, akwai wurin sa manyan bawul, injin zai shaƙi iska da yawa, fistin kuma ba ya yin doguwar tafiya a kowane juyi, don haka injin zai iya juyawa da sauri ƙwarai ba tare da ya tarwatse ba. Irin wannan inji na gudu ne, amma sai an ja masa wuta yake nuna ƙarfinsa. Idan kuwa rami ya yi ƙunci, tafiya ta yi tsawo, injin ba ya son juyi mai yawa domin fistin da ringi za su wahala, sai a tsara shi ya ba da ƙarfinsa tun daga ƙasa. Wannan shi ne injin kaya da hawan tudu da yashi.

A dokar tsere ba a yarda ka ƙara cc ba, saboda haka Honda ya bi hanyar juyi. Ya rarraba injin zuwa ƙananan silinda masu gajeriyar tafiya, kowace da bawul huɗu. Sun fara shiga gasar a 1959, a 1961 kuma baburan Honda suka kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a ajin 125 cc da na 250 cc, inda Mike Hailwood ɗan Ingila ya zo na ɗaya a duka biyun. Zuwa 1966 suna da babur mai 250 cc da silinda shida, wanda ke juyi wajen 18,000 a minti ɗaya.

Babur na talaka

Amma ba baburan tsere ne suka kawo sunan Honda kasuwanninmu ba. Fujisawa ne ya matsa masa lamba a kan a yi ƙaramin babur wanda mace da tsoho da yaron shago za su iya hawa, wanda mai kai abinci gidaje zai iya tuƙawa da hannu ɗaya. A watan Agustan 1958 aka fitar da Super Cub. Injinsa 49 cc ne kawai, faɗin raminsa milimita 40, tafiyar fistinsa milimita 39, amma yana ba da ƙarfin doki huɗu da rabi a juyi 9,500, abin da ba a saba gani ba a ƙaramin inji mai bugu huɗu. Ba shi da hannun kuloci, tayoyinsa manya ne masu inci 17 saboda munanan hanyoyin Japan na lokacin, gabansa kuma an rufe shi da roba, shi ya sa a Kano da Katsina ake kiran irinsa roba-roba.

Fujisawa ya yi hasashen sayar da 30,000 a wata, a lokacin da duk baburan da ake sayarwa a Japan ba su wuce kimanin 40,000 a wata ba. Mutane sun ɗauka zolaya ce, sai ga shi an gina sabuwar masana'anta a Suzuka a 1960 domin wannan babur. A 2017 adadin Super Cub da aka ƙera ya kai miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai wannan adadi.

Halinsa da saukarsa daga mulki

Honda ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da zafin rai, yakan daka wa ma'aikaci tsawa, wani lokaci har da duka idan ya ga an yi wasa da awo, har ma'aikata suka yi masa laƙabi da aradu, ko da yake a bayan idonsa Baba suke kiransa. Shi ne ya sa kowa a masana'anta, da shi kansa, ya riƙa sa fararen kaya domin datti ya fito fili.

Taurin kan da ya ɗaukaka shi ya kusa kayar da shi. Bayan kamfanin ya shiga ƙera motoci a 1963, har ya ci tseren Formula One a Meziko a 1965, Honda ya kafe a kan cewa iska ce za ta riƙa sanyaya injin mota, ba ruwa ba. Matasan injiniyoyinsa suka ga cewa ba za a iya rage hayaƙi yadda sababbin dokoki ke bukata ba sai da ruwa. Motar da aka yi bisa ra'ayinsa a 1969 ba ta yi kasuwa ba. Fujisawa ne ya zaunar da shi ya nuna masa cewa kujerar shugaba daban, ta injiniya daban, sai ya sakar wa yaran. Sakamakon haka aka samu motar Civic da injin CVCC a 1972, injin da ya fara cika sharuɗɗan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970. A watan Oktoban 1973 Honda da Fujisawa suka sauka tare, suka miƙa wa Kawashima mai shekara 45. Tun farko sun yi alkawarin ba za su gadar wa 'ya'yansu kamfanin ba, kuma sun cika.

Injin da ya iso gare mu

Shekara guda bayan saukarsa, a 1974, kamfanin ya tura injiniyoyi ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Iran da Pakistan su ga yadda ake amfani da babur. Abin da suka gani bai bambanta da abin da za su gani a hanyar Bimbilla zuwa Salaga ba: mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya, ga kaya, ga ƙura, baƙin mai kuma ba a canza shi sai ya zama kamar kwalta. Sai suka ƙera CG125 a 1975, inji mai sauƙin kwancewa wanda ke jure wulaƙanci, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. An fara ƙera shi a Barazil a 1976, kamfanin kuma ya kafa reshe a Najeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta jihar Ogun.

Da yawa daga cikin injinan da ake shigo da su yau daga ƙasar Sin ta tashar Lome da Tema, a kan tsarin CG125 ko na Super Cub aka gina su, kuma awonsu yana nuna abin da muka bayyana. CG125 faɗin raminsa milimita 56.5 ne, tafiyarsa 49.5, jimla 124 cc. Da aka so 150, sai aka faɗaɗa ramin zuwa 62 aka bar tafiyar yadda take. Da aka so injin 200 irin wanda ake sa wa kekunan kaya da muke kira Motor King ko aboboya, ramin kaɗan aka ƙara masa zuwa 63.5, amma tafiyar aka ja ta zuwa 62.2, domin ja ake nema ba gudu ba.

Mai saye yana iya karanta wannan da idonsa. A jikin yawancin injinan Sin akwai lamba da aka buga kusa da fedar giya, kamar 157FMI ko 162FMJ ko 163FML. Lambar farko yawan silinda ce, biyun da ke bin ta kuma faɗin ramin ne a milimita. A ƙananan roba-roba za a ga 139 ga mai 50 cc, 147 ga mai 70, 152 ga mai 110. Saboda haka idan an manna takardar 150 a jikin tanki amma lambar inji ta fara da 156 ko 157, to 125 ne ake son sayar maka da kuɗin 150.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Bayan ritaya Honda ya zagaya masana'antu da shagunan kamfanin a faɗin Japan yana gaisawa da ma'aikata hannu da hannu yana yi musu godiya. Fujisawa ya riga shi rasuwa a watan Disambar 1988. A 1989 aka sa sunan Honda a zauren karrama magabatan ƙera motoci na Amurka, shi ne Bajapane na farko da ya samu wannan. Ya rasu a Tokiyo ranar 5 ga Agusta, 1991, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84. Ba a yi masa gagarumin taron jana'iza na kamfani ba, domin tun yana raye ya nuna bai dace mai ƙera mota ya jawo cunkoson motoci a titi ba.

Abin da ya rage gare mu shi ne amfani da abin da ya sha wahala kafin ya sani. Idan babur ya fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, yana shan baƙin mai, yana wuyar tashi da safe, ko ya kasa hawan tudun da a da yake hawa da buhu biyu, to mafi yawan lokuta ringi ne ko bangon silinda suka cinye. Babban mai cinye su a ƙasarmu kuwa ƙura ce, musamman jar ƙurar hanya da ta hunturu, wadda idan ta wuce matatar iska ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanke matatar iska da canza baƙin mai a kan lokaci sun fi kowane gyara araha.

Idan kuma gyara ya zama dole, a sa fita ya auna ramin tukuna. Sabon ringi a cikin ramin da ya riga ya zama kamar ƙwai asarar kuɗi ce. Idan an kai bulo an yi masa borin, ana ƙara faɗin ne mataki-mataki, 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko milimita 1.00, kuma dole fistin da ringi su zama na wannan awon daidai, lambar tana rubuce a kan fistin da kwalin. Kada mai babur ya ɗauka borin zai mayar masa da 125 ya zama 150, domin ko an kai matakin ƙarshe abin da zai ƙaru bai wuce 4 cc ba ko ɗan sama da haka. A tabbata an bar ɗan tsagin da ke bakin ringi yadda littafin injin ya ce, don idan ya matse, zafi zai sa ringin ya kama bango ko ya karye, idan kuma ya yi yawa ƙarfi zai zurare. A sa gefen da ke da alama yana kallon sama, kada kuma a jera tsagogin uku a layi ɗaya. Bayan an ɗaura, a yi tafiyar kwanakin farko a hankali ba tare da lodi mai nauyi ba, har ringin ya zauna.

Ga 'yan uwanmu masu sayar da kayan gyara, waɗanda ke saro su daga Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Akara ko Sinkase, a tuna cewa ringi 47 ɗin da Toyota ta mayar wa Honda ba a ido aka gane aibinsu ba, a wajen awo aka gane. Ringin jabu da na gaske kwalinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, bambancin sai bayan wata biyu a tsakiyar daji, da kayan mutane a baya, kasuwa kuma tana can tana ci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A gaya wa mai saye gaskiyar abin da ake miƙa masa, ya zaɓa da saninsa.

Allah ya ba mu sa'ar ciniki, ya kiyaye hanya.